Bidiyon Atisaye

Shafi na 23

Masu cika mini waya da saƙo tun safe cewa na bar ku a rataye, na gani, ku yi haƙuri. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in na sake sa Auta kuka za ki daina karantawa, ki nemi wuri ki zauna, ni ma ba da son raina nake yi ba.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda muke. Auta tana aiki a wani kamfanin hulɗa da jama'a, irin masu gyara wa manya suna da koya musu magana. A fili tallan sabulu da na madara suke yi. A ɓoye kuwa su ne ke riƙe da yaƙin neman zaɓen ɗan takarar wata babbar jam'iyya, kuma an gargaɗi kowane ma'aikaci kada ko matarsa ta ji. Kafin muhawarar talabijin aka shirya wa ɗan takarar atisaye. Aka zaunar da Auta a matsayin abokiyar hamayya, aikinta ta jefe shi da zargi mafi muni don ya koyi amsawa. Jiya aka yanko ɓangarenta ita kaɗai, aka watsa wa duniya.

*

Katinta bai buɗe ƙofar ofis ba.

Ta goga, ta sake gogawa, ƙofa ko gezau. Mai gadi da kullum yake tsokanarta da cewa ta fi ma'aikatan shara sammako, yau takalminsa kawai yake kallo. Da ta matsa masa sai ya ce cikin ƙasa da murya an hana shi barinta ta shiga, shi kuma yana da iyali. Ba ta ja da shi ba. Ta koma gefe ta tsaya har masu kawo ruwan sha suka zo da manyan goruna, aka buɗe musu ƙofa, ta bi bayansu. Mai gadi ya juya baya kamar yana gyara labulen ɗakinsa.

Babban ɗakin ma'aikata ya yi tsit da ta shigo. Mutanen da shekaranjiya suke raba burodi da ita, yau kowa ya manne wa kwamfuta kamar an yi masa albishir a ciki. A kan allon wata abokiyar zamanta ta hango fuskarta, baki buɗe, yatsa a sama. Matar ta yi sauri ta rufe shafin, amma Auta ba ta buƙatar gani, ta haddace bidiyon tun jiya.

Ga ta nan zaune a gaban farin labule tana cewa kamfanin fentin ɗan takara ya zuba guba a rijiyoyin unguwar da ke bayansa, yara na kwance a asibiti. Sai wata murya daga bayan kyamara, an sauya ta yadda ba za a gane mai ita ba, ta ce ta sake, ta ƙara zafi. Ta sake. Aka ce ta sa tausayi a muryarta. Ta sa. Daga nan sai ta fashe da dariya tana tambaya ko hakan ya yi. A ƙasa an rubuta: asirin 'yan adawa ya tonu, ga wadda suka saya suna koya mata ƙarya.

Wallahi ko ni aka nuna wa wannan bidiyon ban san kan zance ba, da na zage ta.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar Darakta, shugaban kamfanin, ba, turawa kawai ta yi. Yana zaune yana ɓare lemo da ƙaramar wuƙa, ɓawon na sauka dogo bai tsinke ba. Ya ɗago ya gan ta, mamaki ya ɗan gifta a fuskarsa ya wuce. Ya danna wani abu a wayarsa, ya kife ta a kan tebur, sannan ya nuna mata kujera da murmushi.

“A tsaye zan yi magana, Yallaɓai.”

Ya ce duk yadda ta so. Ya shiga jajanta mata, wai shi ma bai runtsa ba, wai sun sa masana suna bincike don gano ɓarawon da ya shiga rumbun ajiyar kamfani. Ya ce a wannan zamanin ba wanda ya tsira, ko manyan bankuna ana yi musu kutse. Yana magana yana raba lemonsa gida-gida.

Ta bar shi ya gama.

“Shafin da ya fara saka bidiyon, sunansa Kukan Talaka,” ta ce. “Ni na raɗa masa wannan sunan. Ni na zaɓo hoton tsohon da ke kai. Wayar da ake buɗe shi da ita tana cikin durowar da ke bayanka.”

Hannunsa ya tsaya.

Ku da ba ku san wannan aiki ba, bari in faɗa muku. Kamfanoni irin wannan suna kiwon shafuka kamar yadda ake kiwon kaji. A buɗe shafi da sunan wani bawan Allah da babu shi a duniya, a yi ta saka addu'o'i da labarin ƙwallo da hotunan jarirai har mutane su saba da shi su yarda da shi. Sai ranar da ake buƙata, a sa masa magana a baki. Auta ta san su ɗaya bayan ɗaya. Duk shafukan da suka fara yi mata ca jiya, a ɗakin da ke ƙarshen baranda ake ciyar da su.

Darakta ya ajiye wuƙar, ya goge yatsunsa da hankici. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne bai ji kunya ba. Kallonta yake irin na malami da ɗalibarsa ta ci jarrabawa.

“Shi ya sa nake cewa duk ofis ɗin nan babu mai kanki,” ya ce. “Zauna, Auta. Tunda kin gano, bari mu yi magana ta manya.”

Ba ta zauna ba, ta dafa bayan kujerar.

Ya ce wata jarida ta daɗe tana bin diddigin maganar rijiyoyin nan. Sun ɗebi ruwan sun kai an gwada, sun yi hira da iyayen yara, sun samu likita da ya yarda ya yi magana. Mako mai zuwa za su buga. An bi ta kan editan, an bi ta kan mai jaridar, duk sun toshe kunne. In labarin ya fito daga bakinsu da farko, ɗan takara ya gama yawo.

Ita Auta duk zatonta zargin ƙirƙira ne, irin wanda ake haɗawa don atisaye.

“Kana nufin gaskiya ne? Akwai yaran?”

“Ban ce gaskiya ne ba, ban ce ƙarya ne ba. Ba aikinmu ba ne.”

“Yallaɓai, yara ne fa.”

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ta taɓa ganin yadda ake yi wa jariri rigakafi? Ɗan kaɗan daga cutar ake sa masa, don in babbar ta zo ta tarar jiki ya shirya. Abin da suka yi wa jama'a ke nan. Yanzu duk gari ya ji maganar rijiyoyi, amma daga bakin wa? Daga bakin yarinyar da aka ga ana koya mata, tana dariya. Ranar da jarida ta buga nata, mutane za su ce ai mun san wannan, ƙaryar nan ce ta yarinyar bidiyo.

“To me ya sa ni?”

“Kin fi kowa iyawa. Ke kin ga fuskarki lokacin da kike maganar yaran? Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.”

Yabo yake yi mata fa, jama'a. Har cikin ransa yabo ne.

Ta ce a fito da cikakken bidiyon. Ai ɗan takara yana zaune a gabanta a ranar, yana gumi yana in'ina, har sau nawa ya roƙe ta ta sassauta masa. Ai muryar da ke cewa ta sake, muryar Darakta ce. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tambaye ta a hankali wane atisaye take magana. Ɗan takara ya sha faɗa wa duniya cewa shi ba ya da mai koya masa magana, daga zuciyarsa yake faɗa. Jam'iyya kuma ba ta taɓa jin sunan wannan kamfani ba. Kyamarar da ta ɗauki ɓangaren ɗan takara ta lalace, mai ɗaukar hoton kuma ya tafi hutu garinsu, wayarsa ba ta shiga.

“Mu masu tallan sabulu ne,” ya ce, ya jefa lemo a baki.

Daga nan ya sauko da murya, ya koma uba. Ta yi haƙuri ta ɓace na ɗan lokaci. Kamfani yana da gida a wani gari mai nisa, ta je ta huta, ba abin da za ta nema ta rasa. Mutane suna da mantuwa, kafin a rantsar da sabuwar gwamnati wani abin ya taso sun koma kansa. In an ci zaɓe, kujerar mai magana da yawun wata ma'aikata tana jiranta. Ya ce shi ma a farkon aikinsa an taɓa shafa masa kashin kaji saboda wani babba, ga shi yau inda ya kai.

Auta ta girgiza kai. Zagin duniya ba shi ne ya hana ta barci ba. Ta ga dubban baƙaƙen maganganu a ƙarƙashin hotonta, ta karanta wasu har ta gaji ta daina. Mutum ɗaya ne ya kawo ta ofis ɗin nan yau.

“Ba na son gidanku, ba na son kujera,” ta ce. “Babana kawai. Ka kira shi, ka ce masa aiki ne aka sa ni. Magana ɗaya. Ba zai faɗa wa kowa ba, na rantse maka.”

Baba tela ne. Tun kafin a haifi Auta yake cikin wannan jam'iyya, lokacin da ba ta da ko ofis, a shagonsa ake taro a kan benci. Duk tutar da ke kaɗawa a unguwarsu shi ya ɗinka ta, bai taɓa karɓar ladan ɗinki ba. Bai taɓa neman kwangila ko muƙami ba, abin alfaharinsa ɗaya ne, cewa gidansa ba a taɓa samun wanda ya ci amana ba. Shi a saninsa Auta tallan madara take rubutawa. Sau da yawa yana zaune yana yabon jawabin ɗan takara a rediyo, tana gefe tana danne dariya, don ita ta rubuta shi.

Jiya da yamma matasan jam'iyya suka taru a ƙofar shagonsa. Ba su taɓa shi ba, amma sun sauke tutar da ke saman shagon suka tafi da ita, wani ya ce gidan maciya amana bai cancance ta ba. Yayanta ne ya kira ya gaya mata, ya ce Baba ya rufe shago da hannunsa ya shiga ɗaki, ko abinci bai karɓa ba, kuma kada ta kuskura ta zo gida yanzu. Ta kira Baba har batirinta ya mutu. Wayar tana shiga, ba a ɗauka.

Darakta ya juya zoben hannunsa. Ya ce zai duba. Ya tambaye ta ko ta karya, ya ce a kawo mata shayi. Ya ɗauko wayarsa ya leƙa, ya mayar ya kife. Ya shiga ba ta labarin wani ɗan siyasa da ya taɓa yi wa aiki a wata ƙasa, labarin da ba kai ba gindi.

Nan ne hankalinta ya dawo jikinta. Mutumin nan ba ya ba kowa lokaci. Manyan 'yan kasuwa ma a tsaye yake sallamar su. Yau ga shi ya baje yana hira da wadda ya hana a bari ta shigo, yana leƙa waya kamar mai jiran a ce masa an gama wani abu.

Sai ta ji tari ta cikin bango.

Tari ne busasshe, sau biyu a jere, sannan gyaran murya. Tun tana yarinya ta taso da wannan tarin a kunnenta, daga bayan keken ɗinki.

Ta juyo ta dubi Darakta.

“Wa ke cikin ɗakin ɗaukar hoto?”

“Auta, zauna.”

Ta riga ta kai ƙofa. Ya miƙe da sauri har kujerarsa ta bugi bango, ya biyo ta yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa don kada ma'aikata su ji. Ta ruga ta cikin baranda, ta banke ƙofar mai nauyi da kafaɗa.

Fitilu sun haske ɗakin fes. Baba yana zaune a tsakiya cikin rigarsa mai ruwan toka, wadda ba ya sa wa sai za shi wuri mai muhimmanci. Wata mai kwalliya tana goge masa gumin goshi da auduga, an maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga. Ya rame a kwana ɗaya. A gefensa Sakataren jam'iyya ne, ƙato mai tumbi, ya sunkuyo yana maimaita masa abin da zai faɗa, yana kiransa dattijon arziki. Bayan kyamara wani baƙon mai ɗaukar hoto ne da ba ta taɓa gani ba.

Ta san wannan dabarar, ita ma ta sha ba da shawararta a taro. In kana son jama'a su yarda mutum ya lalace, kada ka kawo maƙiyinsa ya faɗa. Ka kawo wanda ya fi kowa sonsa.

“Baba.”

Ya juyo a hankali. Idanunsa sun yi ja.

Ta durƙusa a gabansa a kan wayoyin da suka bi ƙasa, ta kama gefen rigarsa. Magana ta riƙa zubo mata ba tsari. Ta ce nan ne wurin aikinta, jam'iyyarsa suke yi wa aiki a ɓoye, atisaye ne aka yi, ɗan takara yana wurin, su suka sa ta kuma su suka watsa. Ta ce jawaban da yake yabo a rediyo ita take rubutawa. Sakatare ya yi wata 'yar dariya ya ce Allah Ya shirya, ya dubi Baba yana girgiza kai kamar mai tausaya masa.

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

“Fuskar da na gani, taki ce?”

“Tawa ce, Baba, amma...”

“Muryar fa?”

“Tawa ce.”

“Dariyar?”

Hawaye suka ɓalle mata.

Ya daɗe yana kallonta. Wallahi na ga alamar yana so ya yarda da ita. Wane uba ne ba zai so ba? Sai ya ɗaga kai ya nemi babban wurin, ya ga Darakta tsaye a bakin ƙofa cikin kwat mai tsada, yana mayar da numfashi.

“Ɗana, kai ne mai wurin nan?”

“Ni ne, Baba.”

“Ni ban yi boko ba, amma ina gane mutumin kirki in na gan shi. Yarinyar nan ta ce ku kuka sa ta. Ka dubi girman Allah ka gaya mini. In haka ne, yanzu zan cire abin nan in kama hannunta mu tafi, ko duniya za ta taru a kaina.”

Auta ta juyo a durƙushe ta zuba wa Darakta ido. Ta haɗa hannuwanta alamar roƙo. Shekaru tana yi wa mutumin nan aiki, ta kwana a ofis saboda shi, ta ƙi karɓar aiki a wasu wurare saboda shi.

Darakta ya tako a hankali, ya rage tsawo a gaban Baba kamar ɗa mai ladabi, har da sunkuyar da kai.

“Baba, ban so in ƙara maka ciwo ba,” ya ce. “Gaskiya ta taɓa yi mana aiki. Tun watan jiya muka sallame ta, da muka gano tana hulɗa da waɗancan mutanen. Ka tambayi mai gadi, ko katin shiga ba ta da shi, satar hanya ta yi. Mu ba ruwanmu da siyasa. Ɗakin nan ma aron sa jam'iyya ta yi yau saboda kai.”

“Ƙarya yake yi, Baba!”

Baba ya sa yatsu biyu ya zare rigarsa daga hannunta, a hankali, yadda yake zare zare daga yadi. Sakatare ya yi wa masu tsaronsa ido, suka ɗaga ta suka ja ta baya har bayan kyamara. Tana turjewa, takalminta ɗaya ya fita. Ɗaya daga cikinsu ya raɗa mata cewa kai tsaye za a watsa a shafin jam'iyya, in ta yi ihu duniya za ta ƙara ganin haukarta ne kawai.

Sakatare ya matso zai sake tuna wa Baba kalmomin da aka shirya masa. Baba ya ce ya bar shi, ba ya buƙatar a koya masa maganar gidansa. Ya gyara zama, ya share fuskarsa da tafin hannu, ya dubi mai ɗaukar hoto.

“Kunna abin naka.”

Jar fitila ta kama.

“Jama'a, wasunku sun san ni,” in ji Baba, muryarsa ba ta rawa ko kaɗan. “Ni tela ne. 'Ya'yana uku.”

Su huɗu Baba ya haifa.